Ƙwayar Da Ta Kayar Da Gwanayen Wasa A Turai Ta Iso Filin Dambenmu

Duk wanda ya san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir, a bi ta Ɗambatta da Makoɗa, a zagayo Tsanyawa da Bichi da Bagwai har Dawakin Tofa, ya san ƙasa ce wadda jama'a suka cika maƙil. Babu daji, babu saura. Gona tana jikin gona, ana noma ta kowace shekara, ba ta samun wani hutu sai takin da aka zuba mata. In magidanci ya rasu aka raba gado, abin da kan faɗo wa kowane ɗa ba ya ciyad da shi shekara. Saboda haka saurayin wannan yanki ba shi da jarin da ya wuce ƙarfin jikinsa. Da damina ya sayar da shi wajen ƙwadago. Da rani ya tafi da shi ci-rani, ko dako a kasuwar Dawanau. In kaka ta yi kuwa, amfanin gona ya shigo gida, aka soma jin kalangu da yamma, sai ya kai shi filin dambe ko na kokawa. A wannan zamani kuma ƙwallon ƙafa ta shigo ta ja rabonta, har ba ƙauyen da ba shi da fili da turaku biyu, ba kuwa yaron da bai ji labarin yadda Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya kai Turai ba.

To, wannan jari ne a ke sace wa samarinmu, da rana tsaka, da kuɗinsu. Ɓarawon kuwa wata 'yar ƙwaya ce da a ke kira tiramol. Ina so in nuna wa masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi, cewa ƙwayan nan da mu ke gani a faifan mai talla a bakin kasuwa, ita ce dai ta kayar da waɗansu manyan gwanayen wasa na duniya, masu dukiya da likitoci. Akwai abin koyo cikin yadda suka faɗi, amma abin da ya fi amfani gare mu shi ne yadda waɗansunsu suka tashi.

Tiramol ba guba aka yi ta ba tun asali. Magani ce ta kashe zafin ciwo, wani kamfani na Jamus ya haɗa ta a 1962, aka soma sayar da ita a 1977. Dangin kodin ce, tana aiki a ƙwaƙwalwa, ta toshe hanyar da saƙon zafi ke bi. Likita ya kan ba da ita ga wanda aka yi wa aiki ko wanda ya karye, na 'yan kwanaki, kuma iyakar abin da aka yarda baligi ya sha a yini guda shi ne miligiram 400. Wadda doka ta yarda a shigo da ita Nijeriya ba ta wuce mai miligiram 50 ko 100 ba. Amma wadda 'yan fasa-ƙwauri ke kawowa, yawanci daga Indiya, akwai mai 200, akwai mai 225. Malam mai koyar da lissafi ya gwada wannan a allo: ƙwaya biyu masu 225 sun zama 450, watau tun kafin rana ta take, saurayin da ya haɗiye biyu da shayin safe ya riga ya ƙetare iyakar likita.

Wayon ƙwayan nan shi ne, jiki ya kan saba da ita. Ɗayar da ta isa a watan jiya ba ta isa a wannan wata ba, sai biyu, sai huɗu. Daga nan sai al'amari ya juye. Da fari mutum yana sha don ya ji ƙarfi. Daga baya yana sha don kada ya kwanta ciwo, gama in ya wuni bai sha ba sai zufa ta karyo masa, gaɓoɓi su yi ta ciwo, ciki ya ɓaci, barci ya ƙaurace, zuciya ta yi ƙunci ba dalili. In kuwa ta yi yawa a jiki ta kan jawo farfaɗiya, mutum ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. Sau da yawa a ƙauye a kan ce iska ce ta buge shi, a nemo mai ruƙiyya ko turare, alhali kuwa iskar tana cikin aljihun wandonsa.

MAI TSARON GIDA NA INGILA

Akwai wani Bature, Chris Kirkland, mai tsaron gida ne a wasan ƙwallo. A 2001 ƙungiyar Liverpool ta saye shi kan fam miliyan 6, a 2006 kuma ya tsare wa ƙasarsa Ingila gida a wasa da Girka. Mutum ne dogo, mai fama da ciwon baya. Bayan da ya koma ƙungiyar Sheffield Wednesday a 2012, ciwon ya matsa masa, shi kuwa yana tsoron in ya kwanta jinya wani ya gaje wurinsa. Sai ya nemi tiramol. Kada mai karatu ya wuce nan da sauri. Mutumin nan bai shiga don neman maye ba, ba kuwa miyagun abokai suka ja shi ba. Ciwo ne, da tsoron rasa abinci. Da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya kai yana shan miligiram 2,500 a yini, fiye da iyakar likita sau shida, kamar a ce ƙwaya goma sha ɗaya irin ta 'yan fasa-ƙwaurinmu. Yana sha yana ɓoyewa, abokan wasansa ba su sani ba. A 2016 abin ya kai shi ga tunanin halaka kansa. Bai bayyana wa duniya sirrin ba sai a 2022, bayan shekara wajen goma yana fama.

Ba shi kaɗai ba ne. Masu tseren keke na Turai sun daɗe suna shan tiramol don su jure wahalar hawan duwatsu, har hukumarsu ta hana ta a 2019, aka kuma soke wa wani gwaninsu, Nairo Quintana na Kwalambiya, sakamakonsa na babban tseren Faransa na 2022 sabili da ita. Daga ran 1 ga Janairu 2024 kuwa, hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyi a wasanni ta sa ta cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Ashe abin da manyan duniya suka ce ba a shiga fili da shi, shi ne namu yara ke saya da canjin da ya rage musu na cefane.

Ya kamata a nan a rarrabe abu biyu da mutane kan gama. Akwai mai shan magani don ya yi maguɗi, ya ƙara gudu ko ƙwanji; wannan ha'inci ne, hukuncinsa kora. Akwai kuma wanda abin ya kama, ya zama ba ya iya bari ko da yana so. Wannan cuta ce. Sau da yawa ɗayan ya kan haifi ɗayan, wani lokaci kuma su taru ga mutum guda. Babu misalin da ya fi na Diego Maradona, wanda mu 'yan Nijeriya mu ke da rabo cikin labarinsa. Shi ya ci wa Ajantina Kofin Duniya a 1986, ya ɗaukaka ƙungiyar Napoli ta Italiya har ta zama zakara a 1987 da 1990. Duk wannan lokaci hodar iblis tana cinsa. A 1991 aka same ta a fitsarinsa, aka dakatar da shi wata 15. Ya komo, ya rage ƙiba, ya zo Kofin Duniya na Amurka. Ran 25 ga Yuni 1994 Ajantina ta kara da Nijeriya kusa da birnin Boston. Samson Siasia ya fara ci mana, Caniggia ya rama biyu. Da aka tashi, dattawan da suka kalli wasan za su tuna wata ma'aikaciya ta riƙo hannun Maradona suka fita fili yana murmushi. Wurin gwajin fitsari ta kai shi. Aka sami wani magani mai sa kuzari wanda doka ta hana, aka kore shi daga gasar. Wasanmu shi ne na ƙarshe da ya yi wa ƙasarsa.

Sauran rayuwarsa tashi da faɗuwa ce. A 2000 zuciyarsa ta kusa tsayawa, aka kai shi Kyuba jinya. A 2004 ya sake kwanciya rai a hannun Allah. Ya farfaɗo har ya zama mai horad da 'yan wasan Ajantina, ya kuma ci Nijeriya ɗaya da nema a Afirka ta Kudu a 2010. Ya rasu ran 25 ga Nuwamba 2020 yana da shekara 60. A ganina abin da ya fi cutar Maradona shi ne yawan masoya. Kowa na ci a jikinsa, ba mai iya ce masa bari. Wanda ya taɓa ganin yadda 'yan kore da maroƙa ke kewaye ɗan damben da tauraronsa ke haskawa zai gane abin da na ke nufi.

Mu komo gida. Dambe sana'a ce mai daraja da tarihi, asalinta ta rundawa ce, masu fawa, waɗanda kan bi garuruwa da kaka. Ɗan dambe ya kan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Zamanin su Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da su Ɗandunawa, ba a san tiramol a kasuwanninmu ba. Ba na cewa mutanen dā waliyyai ne. Da ma akwai tsafe-tsafe, da tsaga hannu a shafa magani, da layu da kambuna. Amma laya, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, ba ta hana mutum barci in ya tuɓe ta. Yau kuwa dambe ya zama na kuɗi. Akwai gidajen dambe na dindindin a birane, a kan sa gasar babur ko mota, ana ɗauka a waya duniya ta gani. Yaron da dā zai yi wasa wata biyu na kaka ya huta, yanzu yana so ya shiga fili kowane mako, da targaɗen makon jiya bai warke ba. Wannan kuwa ita ce ƙofar da Kirkland ya shiga ta cikinta, ba bambanci. Ba dukan 'yan dambe ke sha ba, da yawa suna ƙyamar abin, bai kuwa kamata a yi musu kuɗin goro ba. Amma wanda ya ce babu, bai zauna bayan fili ba.

Zafin ciwo mai gadi ne da Allah ya sa a jiki. Shi ke ce wa mutum hannun nan ya tsage, ka sauke shi. Wanda ya sha tiramol ya sallami mai gadinsa. Sai ya yi ta naushi da karyayyen yatsa, ya yi ta gudu bisa gwiwar da jijiyarta ta yage, ciwon mako biyu ya zama naƙasa ta har abada. Bugu da ƙari ƙwayar ta kan rage hanzarin ido da na hannu, sai ya riƙa shan dukan da dā zai kauce masa, a ka kuwa. Yana jin kansa zaki, 'yan kallo kuwa suna ganin ya zama turmi. Haka kuma ɗan ƙwadagon da ya sha don ya gama huɗar gona biyu a yini: ya karɓi ladan mutum biyu a yau, ya tsufa yana da shekara talatin.

Kada a ɗauka abin kaɗan ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi shaye-shaye cikin shekara guda a Nijeriya. Daga cikinsu miliyan 4.6 irin su tiramol da kodin suka sha ba da izinin likita ba. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin 100, watau mutum fiye da miliyan ɗaya. A ƙarshen Afrilu 2018 gidan rediyon BBC ya nuna fim a kan cinikin kodin, da hotunan samarin Kano ɗaure da sarƙa, kashegari Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. An yi abin kirki. Amma mai neman riba ba ya barci: a 2025 wani binciken na BBC ya sake tono wata sabuwar ƙwaya da a ke haɗawa a Indiya a turo Afirka ta Yamma, wadda ta fi tiramol ƙarfi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, tana kamawa tana ƙonawa, amma ba ta da ma'aikacin da za ta tsayar a kowane filin ƙwallo na ƙauye. A wata makarantar da na kai ziyara, shugabanta ya buɗe mini aljihun teburinsa, cike da fankon ƙwayoyin da yara suka tsinto ranar shara a bayan turakun ƙwallo, inda samarin gari kan yi wasa da yamma in an tashi. Bai san wanda zai kai wa ba, shi ya sa ya adana.

YADDA A KE TASHI

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Shin wanda abin ya kama yana warkewa? Yana warkewa, akwai shaidu. Tony Adams ya zama madugun 'yan wasan Arsenal yana da shekara 21. Shi giya ce ta kama shi, har a Disamba 1990 aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata huɗu don ya tuƙa mota a buge. Kurkuku bai raba shi da ita ba. Ya fito ya ci gaba shekara biyar da 'yan kai. Sai a 1996 ya tsaya gaban jama'a ya ce shi mashayi ne, yana neman taimako. Ya shiga wata ƙungiya ta waɗanda suka daina sha, masu taruwa a kai a kai suna gaya wa juna gaskiya. Bayan wannan ne ya ɗaga manyan kofuna biyu na Ingila a shekara guda, a 1998, ya kuma maimaita a 2002. A 2000 ya kafa gidan jinya mai suna Sporting Chance musamman don 'yan wasa, gama ya lura ɗan wasa ya fi sakin jiki gaban wanda ya san zafin fili. Dele Alli kuma, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya yi wa Ingila wasa a Kofin Duniya na 2018, daga baya wasansa ya lalace, 'yan jarida suka yi ta ce masa malalaci. A Yuli 2023 ya bayyana cewa maganin barci ne ya kama shi, ya yi mako shida a gidan jinya a Amurka, ya kuma ce tushen abin wani zalunci ne da aka yi masa yana ƙaramin yaro. Malamai su riƙe wannan. Yaron da mu ke rubuta wa “malalaci” a takardar sakamako, wani lokaci kaya ne a kansa wanda bai sami mai sauke masa ba.

Shi kuwa Kirkland, labarinsa ya fi kama da abin da mu ke gani. Ya shiga gidan jinya a 2019, ya fito lafiya. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, zaman banza ya mai da shi ruwa. Sai a 2022 ya sake bari, wannan karo kuwa bai ɓoye wa kowa ba, har ya yarda matarsa ta riƙa gwada shi a gida duk sa'ad da ta ga dama. Mu a nan, in yaro ya daina ya koma, sai uba ya ce ya gama nasa, ya sallama shi ga duniya. Likitocin wannan fanni kuwa sun ce komawa sau ɗaya ko sau biyu yana cikin halin cutar, kamar yadda zazzaɓi kan komo, ba alama ce ta cewa magani ya ƙi ba.

In aka duba mutanen nan, za a ga ba wanda ya warke a ɓoye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu kuwa kunya ce babbar katangarmu. Gidan mutunci ba ya so a ji, don kada a ƙi auren 'ya'yansa mata. Sai a yi shiru har yaro ya soma ɗaukar buhun gero daga rumbu, sa'an nan a ɗauke shi da dare a kai shi gidan mari. A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani irin gidan nan a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo aka sami irinsa a Daura. Na san iyaye ba mugunta ta kai su ba, rasa abin yi ne. Amma mari ƙafa ya ke riƙewa. Ran da aka kwance, ciwon bayan yana nan, rashin aikin yana nan, mai tallan ƙwaya yana inda aka bar shi, ga kuma ƙiyayyar iyaye da aka ƙara masa. In ɗauri na magani, da Tony Adams ya warke tun 1991.

Wani zai ce, ai waɗancan masu kuɗi ne, mu ina za mu sami gidan jinya na Amurka? Gaskiya ne ba mu da shi, kuma wuraren da mu ke da su sun yi kaɗan ƙwarai ga jama'a mai yawa haka. Amma ba hannu wofi mu ke ba. Asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau yana cikin ƙasar Dawakin Tofa, a bakin ƙofarmu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen wannan aiki. Ita ma NDLEA ba kamu kaɗai ta ke yi ba, tana da masu ba da shawara ga wanda ya kai kansa. Aikin likita shi ne ya rage wa mai sha ƙwayar sannu sannu, ya taimake shi ya haye kwanakin farko masu tsanani, waɗanda galibi mafi wuyarsu ba ya wuce mako guda ko biyu, ya kuma duba ainihin ciwon da ya kai shi ga sha. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, kada a sa shi ya yanke rana ɗaya a ɗaka ba tare da likita ba. Zuwa Dawanau kuwa ba ya nufin mutum ya haukace, wannan magana ya kamata limamai su faɗe ta bisa mumbari, tun da malamanmu, da suka haɗu a kan haramcin abin da ke gusar da hankali, sun kuma haɗu a kan cewa neman magani umurni ne.

Amma sashen da ya fi tsawo ba a asibiti a ke yinsa ba, a gari a ke yi, nan ne kuwa mu ke da abin da Turawa ke saye da kuɗi. Su sai sun yi hayar ɗaki su tara baƙi kafin mutum ya sami masu sauraronsa. Mu a ƙauyukan nan masu cunkoso, ba wanda ke kwana ba a san inda ya ke ba. Akwai majalisa, akwai sa'o'i, akwai ubangidan dambe wanda yaransa ke jin maganarsa fiye da ta mahaifi, akwai Sarkin Fawa. Cunkoson nan da ke sa tsegumi ya yi sauri, shi ne kuma zai iya zama tsaro, in manya suka nuna wajen da za a juya shi.

Malamin wasanni shi ya fi kowa damar gani da wuri. Yaron da ya ji ciwo jiya har aka ɗauke shi, yau ya zo yana gudu kamar ba abin da ya same shi, abin tambaya ne, ba abin yabo ba. Haka wanda ke yawan soshe-soshe, ko gyangyaɗi a aji da safe, ko saurin fushi in ya wuni tare da mutane bai sami kewayawa ba. In an gane, kada a fara da bulala gaban taron makaranta, gama wannan ba ya koya wa sauran yara kome sai iya ɓoyo. A kira shi gefe, a nemi wanda ya fi shaƙuwa da shi cikin danginsa, ko da kawu ne ko yaya. Kwalejojin horad da malamai, irin ta Bichi, ya kyautu su riƙa koya wa ɗalibansu waɗannan alamu kamar yadda a ke koya musu ɗaurin karaya. Malami kuma kada ya sa yaro mai rauni cikin wasa don makaranta ta ci kofi. Wanda ya yi haka shi ya nuna masa hanyar kemis.

Ma'aikatan ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi su ma suna da abin yi wanda ba ya cin ko kwabo. Ba a kafa dandalin dambe ko gasar ƙwallo a gari ba da sanin dagaci ba. To, a sa sharaɗi cikin izinin: a ajiye malamin asibiti a bakin fili, wanda in ya ce wane ba zai shiga ba, ya zauna, a kuma kori masu faifan magani daga kewayen wurin. Mai shirya wasan da ke iya sayen babur na kyauta, ba zai kasa biyan malamin asibiti na yini uku ba.

Saura wanda ya komo daga jinya. Watannin farko su ne masu hatsari, don dalili biyu. Na ɗaya zaman banza, wanda ya kayar da Kirkland. Kada a bar shi a zaure yana kallon hanya. A ba shi kunya biyu a gona ko a fadamar Tomas ko ta Watari in rani ne, in kuwa gwanin ƙwallo ne a ba shi usur ya riƙa horad da 'yan firamare ƙarƙashin idon malami. Na biyun kuwa kowane uba ya kamata ya san shi: jikin da ya yi wata biyu bai ga ƙwaya ba ya manta sabon da ya yi da ita. Guda shidan da dā ya kan sha ya tafi gona, in ya koma ya haɗiye su yanzu gaba ɗaya, suna iya tsayar masa da numfashi. A gaya masa wannan a fili tun ranar da ya komo, a gaya wa abokansa, a kuma gaya musu in sun ga barci ya danne shi ba ya farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar, kada su tsaya ba shi madara ko watsa masa ruwa, su kwantar da shi ta gefe su nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa.